Amsa ga mai neman ƙaramar libarba don maiɗakinsa

Malam, ka ce kana yawan tafiya, maiɗakinka takan kwana daga ita sai yara, shi ya sa kake son saya mata 'yar ƙaramar libarba mara nauyi wadda za ta dace da hannunta. Ka kuma ce inda kuke doka ta yarda a ajiye bindiga a gida in an yi lasisi. To, shawarata ita ce kada ka sayo komai tukuna. In ma lokacin saye ya yi, da wuya ƙaramar nan da ka sa wa ido ta zama ita ce za ku ɗauka.

Na daɗe ina riƙe irin waɗannan bindigogi, na kuma sha tsayawa a bayan masu koyo a filin harbi, maza da mata. Abin da na saba gani shi ne miji ya ga 'yar libarba kyakkyawa, ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya ce wannan ta mata ce. Matar ta harba sau biyu ko uku, tafin hannunta ya yi zugi, ta ajiye ta ce ya isa. Daga ranar bindigar ta shiga durowa, ba ta sake taɓa ta ba.

Waɗannan ƙananan ba don gida aka ƙera su ba. Smith & Wesson sun fito da Chief's Special a 1950 domin wanda zai ɗauki bindiga a ɓoye a jikinsa, kamar 'yan sandan farin kaya. Jikokinta na yanzu, irin su 642 mai jikin alminiyom, nauyinsu bai wuce giram 400 da 'yan kai ba. Ruger LCR da ta fito a 2009 ta ma fi ta sauƙi kaɗan. Wanda zai wuni da bindiga a ƙugu yana bukatar wannan rashin nauyi. Amma bindigar da za ta zauna a akwati kusa da gado, me rashin nauyinta zai amfana? Harsashin .38 Special, wanda irin waɗannan libarba ke ci, ƙarfinsa ɗaya ne ko a wace bindiga aka sa shi. In ƙarfen yana da nauyi, shi zai shanye yawancin dukan da bindiga ke yi baya in an harba. In ba shi da nauyi, hannun mai harbi ne zai sha.

Ba dukan kaɗai ba ne. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Hancinta bai kai inci 2 ba, don haka tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, 'yar karkacewar da ido ba ya gani sai ta zama babban kuskure a can inda harsashi ya sauka. Sai kuma kunama, wadda ita ce ta fi ba mutane wahala. Jan kunamar libarba shi ne ke juya gangar harsasai, ya ɗaga gudumar, ya sake ta, duk a ja ɗaya, kuma yakan nemi ƙarfin da ya kai wajen kilo 5. Ka duba lissafin: yatsa ɗaya yana jan nauyin da ya ninka na bindigar fiye da sau goma, sannan ana so hancinta ya tsaya cak. Ƙwararru ma sai da yawan gwaji suke iya wannan. A ganina ƙaramar libarba tana cikin bindigogin da suka fi wuyar harbi, sai ga shi ita ake fara miƙa wa wanda bai taɓa harbi ba.

In da ni ne, zan sa ta gwada masu jikin ƙarfe zalla. Ruger SP101 mai hanci inci 3 tana da nauyin giram 700 da wani abu, kuma har yanzu ba ta yi wa ƙaramin hannu girma ba. Sama da ita akwai Smith & Wesson 10 mai hanci inci 4, mai cin harsashi shida, nauyinta ya kusa kilo ɗaya. Asalinta tun 1899 ne, 'yan sanda a ƙasashe da dama sun yi shekaru da yawa suna riƙe ta. Maiɗakina ita ta zaɓa wa kanta, bayan ta gwada ƙananan ta ce ba za ta iya da su ba. Abin da ya ja ra'ayinta shi ne da ita take samun abin da ta auna.

Ka samu filin harbi da ke ba da hayar bindigogi, ka nemi mai koyarwa, in da hali mace, ku je tare amma ka ja bakinka. Miji bai cika iya koya wa matarsa harbi ba, daga gyara sai a koma gardama. A fara da bindiga babu harsashi: tana iya jan kunama har ƙarshe da gaɓar farko ta manuniya, sau da yawa a jere, ba tare da ta murɗa hannu ba? In yatsan bai kai ba, sau da yawa mariƙin ne matsalar, kuma na libarba ana iya cire shi a sa wani. In ƙarfin ja ne babu, to wataƙila libarba ba tata ba ce, sai a duba wani nau'in. Kada kuma wani ya ce muku a koma wa mai cin ƙaramin harsashi na .22 don sauƙi. Dukanta kaɗan ne, gaskiya, amma kunamarta takan fi tauri, domin irin wannan harsashin sai an buge shi da ƙarfi yake tashi.

Batun harsashi ba shi da tsawo. Libarbar .357 Magnum tana cin .38 Special, amma ta .38 ba ta cin .357. In kun sayi mai .357, ku cika ta da .38 kawai. Ƙarar Magnum da walƙiyarsa a cikin ɗaki da dare sun isa su ruɗa mai harbin kanta. Don koyo akwai mai shafaffen kai na gasar harbi, dukansa da sauƙi sosai.

Abu biyu da za a nuna mata tun ranar farko. Kada yatsa ya kai gaban ganga, domin akwai 'yar kafa tsakaninta da bututu inda wuta da iska mai zafi ke fesowa, suna yanka fata. Kuma kada ta saba ɗana guduma da babban yatsa kafin harbi. In an ɗana, kunama takan yi laushi ƙwarai, mai firgita kuwa hannunta na rawa, sai bindiga ta tashi ba da niyya ba.

Libarba tana da kirkinta, ban raina ta ba. Babu makunnin da za a manta a buɗe, kuma in harsashi ya ƙi tashi sai a sake jan kunama ganga ta kawo na gaba. Sai dai yawanci harsashi biyar ko shida take ci, sake cikawa kuma yana cin lokaci.

Yanzu ga abin da ba ka ambata ba: ita ta ce tana so? Ka tambaye ta kai tsaye ko za ta iya harbin mutum in ta kama. In ta yi shiru ko ta ce a'a, ka karɓi amsar, ku sa kuɗin a ƙofa mai ƙarfi, makullai, fitilun waje da ƙararrawa. Bindiga a hannun wadda ba ta shirya amfani da ita ba tana iya komawa hannun wanda ya shigo. Haka nan in a gidan akwai mai fama da matsananciyar damuwa, ko faɗa yakan yi zafi tsakaninku, haɗarin bindigar ya fi na ɓarawon da kake tsoro.

Tunda akwai yara, ƙarƙashin matashi da saman kabad duk ba wurin ajiya ba ne, yaro ya fi ka sanin lungunan gidanka. Akwai ƙananan akwatunan ƙarfe masu buɗewa da lambobi cikin daƙiƙu kaɗan, a ɗaure ɗaya a jikin bango ko gado, ta riƙa gwada buɗe shi a cikin duhu. Tocila mai haske sosai ta zauna a gefensa, domin ba a harbin inuwa, kuma kai da kake dawowa daga tafiya cikin dare wannan ya fi shafa. Ku duba wane bango ne ɗakin yara yake bayansa, don harsashin .38 yana ratsa siririn bango da ƙofar katako. Ku kuma tsara tun yanzu cewa in ta ji motsi ba za ta fita neman kowa ba: ta tara yara a ɗaki ɗaya, ta kulle, ta kira 'yan sanda, ta jira a nan. Lasisin kuma ka bincika ko dole ne ya fito da sunanta, domin a wurare da yawa naka ba ya ba ta izinin riƙe bindigar.