Shin Shan Madara Yana Wanke Gubar Dalma?

Tambaya: Malam, ƙanena yana haƙar dutsen tozali a yankin Zurak da ke ƙaramar hukumar Wase. Yakan zo da buhunan dutse gida, a farfasa a tsakar gida inda 'ya'yanmu ke wasa. Hankalina ya ƙi kwanciya, amma ya ce muddin yana shan madarar gwangwani bayan an tashi aiki, ba abin da zai same shi. Gaskiya ne? Kuma mene ne dutse mai ruwan ƙasa da ke fitowa tare da tozalin?

Amsa: Malama, tozalin nan shi ake kira galena, daga cikinsa ake tace dalma. Mai ruwan ƙasan kuma dutsen tutiya ne. A jijiya ɗaya suke zama, domin ruwan gishiri mai zafi ne ya bi tsagogin duwatsun kwarin Binuwai ya zuba su tare, tun daga Abakaliki da Ishiagu har Arufu da Zurak.

Maganar madara fa, wallahi na gaji da jin ta. Duk ramin da na je sai na tarar da tulin gwangwanaye a bakinsa. Wani ya ce nono, wani manja, wani kuma yana yawo da jarka yana sayar da jiƙon "wankin jini". Madara abinci ce, ba ta fitar da dalma. Idan dalmar da ke cikin ƙurar dutsen ta shiga jini, jiki yakan ajiye ta a ƙashi da haƙori, ta yi shekaru a can tana komawa cikin jini a hankali. Mace mai ciki tana iya ba ɗan da ke cikinta.

Kuma ƙanenki ba shi ne ya fi shiga haɗari ba. Yaron da ke rarrafe a wannan tsakar gida yana tsotsar yatsa, cikinsa ya fi na babba zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar. A 2010 a Zamfara haka aka yi: ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje a Dareta, 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka rasu. Suna suma suna jijjiga, ana cewa iska ce ko sanƙarau. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ba da maganin da ke janyo dalma ta fita a fitsari. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Don Allah ki sa a fitar da buhunan nan yau, kada a jira gobe. Ƙanenki ya yi wanka ya sauya kaya da takalmi a bakin rami kafin ya ɗauki yaro. Kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya, a yayyafa ruwa a kwashe ƙasar saman. A daina sa wa jarirai wannan tozali a ido. Sannan ki kai yaran asibiti ki ce gwajin dalma a jini kike so, ko da kin ga suna wasansu garau.