Sassaƙen goshin jirgin ruwa: amsa ga Yaya

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ji tambayarka a kan hoton nan da aka turo na macen katako mai doguwar riga, wai da kyamara aka ɗauke shi, kuma me ake yi da ita. To, ba kyamara ba ce, zanen hannu ne da fentin ruwa.

Ita macen, irin sassaƙen nan ne da ake kafawa a goshin jirgin ruwa, zamanin jirage masu tafiya da iska. Wani mace, wani gaggafa, wani siffar babban mutum. A Amurka an yi gwanaye irin su William Rush na Filadelfiya da gidan Skillin a Boston. Har rigima aka yi a 1834, da aka kafa siffar Shugaba Andrew Jackson a jirgin yaƙin Constitution, wani ya lallaɓa cikin dare ya datse mata kai da zarto.

To amma yawancin masassaƙan ba sa sa suna a aikinsu, shi kuma katako kullum ruwan gishiri na dukansa, ruɓewa yake yi. Da jiragen ƙarfe masu injin tururi suka shigo sai sana'ar ta durƙushe, wasu suka koma sassaƙa dawakan lilo da mutum-mutumin ƙofar shagon taba.

Shi zanen kuwa, daga wani shirin gwamnati ya fito. A 1935 ne, lokacin da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Shugaban Amurka Roosevelt ta ɗebi masu zane da ba su da aikin yi, aka buɗe shirin Index of American Design, na zana kayan sana'ar hannu na Amurka. Zuwa 1942 sun yi zane kusan 18,000, har da barguna da tukwane da kujeru. Yau suna ajiye a gidan adana zane-zane na National Gallery of Art a Washington.

Abin da ya fi burge ni, wallahi, ba su gyara kome ba. Mai zane zai zauna gaban abu, inda katako ya tsage ya zana tsagar, inda fenti ya ɓare ya nuna ɓarewar, a kuma rubuta awonsa da inda aka same shi. Hoton launi na lokacin ba zai ba ka wannan ba. Sun ɗauki aikin masassaƙin da ba a ma san sunansa ba da daraja, kuma ni ina ganin kuɗin gwamnati bai tafi a banza ba.

Na katakon ma akwai waɗanda suka tsira. Gaggafar da John Bellamy ya sassaƙa wa jirgin Lancaster, mai faɗin fikafikai ƙafa 18, tana gidan tarihi na Mariners' Museum a jihar Bajiniya. A gaida su Yaya Babba da yara, wassalam.