Wiskin Haɗi: Amsa Ga Yaron Mashaya

Kai yaro, ka ce in faɗa maka me ya sa mutanenmu na unguwar Yelwa a nan Garwa suka fi kiran wiskin haɗi mai araha, irin su Grant's da J&B da Red Label, suna barin mai tsadar nan yana shan ƙura a kan kanta. Wata 8 kana wanke kofi a wurina, sai yau ka tuna da tambaya. Ku yaran yanzu waya ta cinye muku hankali.

Wiskin haɗi, wiski iri biyu ne aka gauraya. Akwai na tsiron sha'ir da ake dafawa a tukunyar tagulla, shi ke ba da ƙamshi da nauyi. Akwai na alkama ko masara da ake tacewa a dogon bututu, ba shi da ƙarfin ɗanɗano, kuma yin sa ba tsada. Na biyun ya fi yawa a kwalbar, shi ya sa kuɗinta ya sauka, shi ya sa kuma yake wuce maƙogwaro salin alin, da ɗan zaƙi-zaƙi kamar zuma. Red Label ya ɗan fi yaji da hayaƙi, J&B ya fi sauƙi. Dokar Sikotlan, ƙasar da ake yin su, ta ce sai ya yi shekara 3 a gangar itace, ƙarfinsa kuma bai gaza kashi 40 ba. A zafin Garwa na watan Afrilu, mutum ƙanƙara zai tula masa ko koka. Wa zai zubar da kuɗin mai shekara 12 a cikin koka?

Zuba ƙanƙara da goge kofi ba zan koya maka ba. Awo dai santilita 4 ne, kwalbar 70 ta ba ka 17 da rabi. In ka kawo mini lissafin 14, na san inda sauran suka shiga.

Abin da ya sa na kula ka shi ne katan uku da har yau suke cin raina. Wani ya kawo su a bayan babur da magariba, ya ce kayan wani otal ne da ya rufe, ya rage jaka biyu a kowace kwalba. Ya buɗe ɗaya na ɗanɗana, ta gaske ce. Ashe ita kaɗai ce ta gaske cikin 36. Sauran tsofaffin kwalabe ne aka tsinto, aka ɗura musu barasar leda da launin ƙonannen sukari. Daren Asabar wani direban auduga da ya shekara yana zama a teburin lungu ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya biya, ya tashi da mutum shida. Ko ƙala bai ce ba, kuma har yau bai sake leƙowa ba. Kwalba 34 na tuttular a kwata, don ban san ko da metanol a ciki ba, shi kuwa makantarwa yake yi, ya kashe.

Saboda haka kafin ka karɓi kaya, duba zoben marfi: in ya juya tare da marfin bai tsinke da ƙara ba, ko ka ga alamar gam, mayar. Jera kwalba huɗu a tebur, wuyansu ya cika daidai, launi ɗaya. Duba lambar da aka buga a jikin kwalbar ko an kankare ta. Ɗiga kaɗan a tafin hannu ka murza har ya bushe: na gaske zai bar ƙamshin hatsi da itace, na jabu warin asibiti yake yi ya ɓace. Kuma kai za ka zaɓi kwalbar gwaji daga ƙasan katan, ba wadda ya miƙo maka ba.

Kwalbar da ta ƙare kuwa, fasa marfinta kafin ka jefar. Jiya na ga ka ba yaran nan masu tsintuwa guda biyar lafiyayyu.