Tambaya da Amsa: Shin Darussan Japananci na Kuɗi a Intanet Sun Cancanci Abin da Ake Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa, ina shekarar ƙarshe ta digiri na farko, kuma burina in ci gaba da karatu a Japan. Na ga tallan wata makarantar intanet a Facebook da ke cewa za ta koya wa mutum Japananci cikin wata uku a kan sefa dubu sittin, ta ba shi takardar shaida, har ta taimaka masa wajen neman biza. Yayana da ke sayar da kayan gyaran babura a Garwa ya ce zai biya mini idan abin na gaske ne. Shin irin waɗannan darussa suna da amfani, ko kuwa asarar kuɗi ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa yayanka da alheri, amma ka ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna. Akwai darasin kuɗi mai amfani, sai dai wannan da ka bayyana ba ya cikinsu, kuma alkawarin wata ukun nan shi ne ya fara tona masa asiri.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya Japananci a rukunin harsunan da suka fi cin lokaci ga mai jin Ingilishi, tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci, inda ta ƙiyasta sa'o'i kusan 2,200 na zaman aji kafin mutum ya iya aiki da shi. Babban dalilin shi ne rubutu. Japanawa suna haɗa tsarin rubutu uku a jimla ɗaya: hiragana mai baƙaƙe 46, da katakana mai 46 ita ma, sannan kanji da suka aro daga Sin, waɗanda jerin da gwamnatinsu ta sabunta a 2010 ya ƙunshi guda 2,136 na amfanin yau da kullum, kuma yawancinsu suna da karatu fiye da ɗaya gwargwadon kalmar da suka faɗa ciki. A wata uku mai ƙwazo zai iya hiragana da katakana, ya yi gaisuwa, ya tambayi farashi, ya gabatar da kansa. Wanda ya ce maka za ka wuce haka da nisa, ciniki yake yi da kai.

Kada wannan ya karya maka gwiwa, domin ta fuskar furuci Bahaushe yana da sa'a. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, suna bambanta dogon wasali da gajere, suna ninka baƙi a tsakiyar kalma, kuma hawa da saukar murya na iya sauya ma'ana, abubuwan da kunnenka ya saba da su tun kana goye. Inda za ka ɗan sha wuya shi ne ginin jimla, saboda aikatau a ƙarshe yake zuwa. Idan kana jin Barbarci, kamar yadda da yawa daga mutanen yankinku ke ji, to wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinka.

Abin da masu talla ba sa so ka sani shi ne cewa duk ilimin matakin farko yana nan kyauta, kuma daga hannun masu harshen. Hukumar Japan Foundation, wadda ke yaɗa harshen da al'adun ƙasar a duniya, ta fitar da littafin Irodori a 2020, ana sauke shi da muryoyinsa ba tare da biyan ko dala ba, kuma tana da dandalin karatu mai suna Minato inda darussan koyi da kanka kyauta ne. Gidan rediyo da talabijin na Japan, NHK, yana da gajerun darussa na masu farawa a harsuna da dama, har da Faransanci da Larabci. Manhajar haddar kalmomi ta Anki kyauta ce a wayoyin Android, kuma tana aiki ko babu intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin da wuta ke ɗaukewa a tsakiyar bazara, data kuma ta ƙare kafin wata ya raba. Yawancin darussan kuɗi masu bidiyon da aka riga aka naɗa, wannan ilimin ne dai suke sake jerawa su yi masa ado.

To, me ya rage da ya cancanci a biya? Mutum mai rai da zai saurare ka ya gyara maka. Bidiyo ba zai ji cewa ka gajarta wasalin da ya kamata ka ja ba, kuma ba zai gaya maka cewa salon da ka yi wa malami magana da shi na abokan wasa ne ba, alhali Japanawa sun ɗauki matakan ladabi a zance da muhimmanci ƙwarai, har siffar aikatau takan canza bisa girman wanda ake magana da shi. Shafuka irin su italki da Preply suna haɗa ɗalibi da malami ana biya sa'a-sa'a, kuma wannan tsarin ya fi dacewa da aljihunka, domin idan malamin bai yi maka ba, kuɗin sa'a ɗaya ka rasa. Amfani na biyu da kuɗi ke saya shi ne tilasci: wanda ya san ranar Asabar akwai mai jiransa da aikin gida, yakan buɗe littafi ranar Juma'a. Idan ka san halinka na farawa da zafi ka watsar, wannan kaɗai zai iya zama hujjar biya.

Shawarata ita ce ka gwada kanka kafin ka gwada aljihun yayanka. Ka ɗauki wata biyu da kayan kyauta, rabin sa'a kullum bayan sallar Asuba, da littafin rubutu da biro, kana rubuta baƙaƙen da hannu bisa tsarin jan layinsu. Idan ka kai inda za ka karanta shafin hiragana ba tare da leƙa haruffan boko ba, ka cancanci a kashe maka kuɗi. Idan kuwa littafin ya koma ƙarƙashin katifa a mako na uku, ka gode Allah da dubu sittin ɗin ba su fita ba.

In lokacin biyan ya zo, ka yi tambayoyi kafin ka tura ko sisi. Da wane harshe ake bayani? Mafi yawan darussan nan da Ingilishi ake yin su, kai kuwa da Faransanci ka yi karatu, kuma koyon baƙon harshe ta hanyar wani da bai zauna maka ba wahala biyu ce. Sanannen littafin nan Minna no Nihongo yana da juzu'in bayanin nahawu da Faransanci, don haka malamin da ke aiki da shi zai fi maka sauƙi. Ka tambayi lokacin darasi, domin Japan tana gabanmu da sa'a takwas: ƙarfe takwas na dare a Marwa, bayan Isha'i, ƙarfe huɗu na asuba ne a Tokyo, saboda haka malamin da ke zaune can sai da hantsi ko da rana za ka same shi. Ka kuma lura da shafukan da ke karɓar kuɗi ta katin banki, domin da yawansu suna sabunta rajista da kansu duk wata har sai ka soke. Makarantar da ba ta da adireshi, ba ta bari a gwada darasi ɗaya, sai lambar waya da za a tura mata kuɗi ta Orange Money ko MTN, ka yi nesa da ita.

Batun takardar shaida ya fi damuna. Shaidar da jami'o'i da kamfanonin Japan suka fi sani ita ce ta jarrabawar JLPT, wadda aka fara a 1984, mai matakai biyar tun 2010, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1. Ana yin ta a Yuli da Disamba, a wasu ƙasashen sau ɗaya kawai a shekara, kuma a zaure ake zama a rubuta ta, a garuruwan da shafin jarrabawar ya lissafa. Kamfanoni galibi N2 ko N1 suke nema. Takardar da makarantar intanet ta buga da kanta tana nuna ka halarci darasinta ne kurum.

Biza kuwa ba ta hannun kowace makarantar harshe ta Facebook. Ka tuna abin da ya faru a Agustan 2025, lokacin taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a birnin Yokohama, da labari ya bazu cewa Japan ta ware wa 'yan Najeriya garin Kisarazu da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, hukumar JICA mai kula da tallafin Japan ga ƙasashe masu tasowa kuma ta janye baki ɗaya, a watan Satumba, shirinta na ƙawance tsakanin garuruwan Japan da ƙasashen Afirka, wanda shi ne tushen labarin. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a irin wannan ruɗanin ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu.

Tunda karatu kake nema, hanyarka ita ce tallafin gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta da ke Yawunde, kuma ofishin ne ke kula da Chadi ma. Ba a biyan kuɗin cike takardunsa, kuma wanda ya dace a matakin bincike akan ba shi wata shida na koyon harshen bayan ya isa, idan yana bukata. Akwai kuma shirin ABE na JICA, da aka sanar a 2013, na digiri na biyu da Ingilishi ake yinsa. Saboda haka, idan yayanka yana nan a kan bakansa, ka roƙe shi ya raba kuɗin: kaso mafi tsoka ya tafi ga ƙarfafa Ingilishinka da haɗa takardunka na jami'a, ragowar kuma ka ajiye don sa'o'in hira da malamin Japananci bayan ka cika wata biyun gwajin.