An yi min tayin MacBook masu Intel da araha, in kwashe ko in haƙura?

Wani bawan Allah mai sayar da laftof na hannu ne ya turo tambaya, ya ce HP da Dell da Lenovo ya saba sayarwa, amma yanzu kwastomomi sun dame shi da tambayar MacBook. Sai ga wani dila ya yi masa tayin guda goma 'yan 2017 zuwa 2019 masu furosesan Intel, farashi kamar an tsinta a hanya, alhali in masu M1 (furosesan da Apple suka yi da kansu) zai saya da kuɗin nan da ƙyar ya samu huɗu. Shin kayan Apple ɗin nan sun kai yadda ake zuzuta su kuwa, kuma wanne zai ɗauka?

Ɗan'uwa Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kar ka kwashi goman nan. Shi ma dilan ba don yana ƙaunarka ya karya farashi ba, ya san abin da ya sani ne yake neman wanda zai sauke wa.

Ka ga dai mai Intel da mai M1 tambarin iri ɗaya ne a bayansu, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Tun 2006 Apple suke amfani da furosesan Intel, sai a watan Yunin 2020 suka sanar za su koma yin nasu, a Nuwamban shekarar suka fitar da M1 a cikin MacBook Air da MacBook Pro mai inci 13 da Mac mini. Su suka zana shi a kan tsarin ARM irin na iPhone, kamfanin TSMC na Taiwan kuma yake ƙera musu. Gaskiya a nan kam ba zuzutawa ba ce, Air mai M1 ko fanka babu a cikinsa kuma ba ya gasa wa mutum cinya, kamfanin ya ce batirin zai kai awa 18 ana kallon bidiyo, ni ban cika ɗaukar lissafin kamfani yadda ya zo ba amma ko ka zabge masa kaso mai tsoka abin da ya rage ya ishi mutum wuni. Ɗan'uwansa mai Intel kuwa kana buɗe aiki mai ɗan nauyi fanka za ta fara kuka kamar jirgi zai tashi. Daga nan M2 ya zo a 2022, M3 a 2023, M4 a 2024, kullum mai Intel ƙara nisa yake a baya.

Abin da ya fi shafar aljihunka shi ne manhaja. A 2025 Apple suka faɗa ƙarara cewa macOS Tahoe, wato zubin babbar manhajar da ke tafiyar da Mac na shekarar, shi ne na ƙarshe da zai hau Mac mai Intel, shi ɗin ma 'yan kaɗan ya ɗauka, a laftof dai MacBook Pro mai inci 16 na 2019 da wani mai inci 13 na 2020. Kenan yawancin goman da aka yi maka tayi tuni an rufe musu ƙofa. Za su ci gaba da aiki, eh, amma sannu a hankali sabbin manhajoji za su riƙa ƙin hawa, kuma mai neman MacBook yanzu ya waye, kafin ya gaishe ka zai tambaya M nawa ne. Kaya irin wannan duk watan da ya ƙara a kan kanta kuɗinka ne yake narkewa.

Ga kuma matsalar kibod. MacBook Pro na 2016 zuwa 2019 (ban da mai inci 16) da Air na 2018 da 2019 da wani siririn kibod suka zo wanda ake kira butterfly, ƙura kaɗan ta shiga sai harafi ya maƙale ko ya riƙa fitowa biyu-biyu. Har kotu aka je a Amurka, a 2022 Apple suka yarda su biya dala miliyan 50 a sasanta. Gyaran kyauta da suka yi na shekara huɗu ne daga ranar saye, ya wuce. Kuma ba maɓalli ɗaya ake cirewa a sauya ba, galibi saman injin gaba ɗaya ake canzawa. Ka sayar yau, bayan sati biyu mutum ya dawo maka da shi fuska a murtuke, ribar ta tafi ga zubewar mutunci.

Abu ɗaya da mai Intel ya fi shi ne ana iya ɗora masa Windows kai tsaye ta Boot Camp, masu M ba sa yi sai an bi ta wata manhaja irin Parallels. To amma wanda aikinsa sai da Windows me ya kai shi Mac? Ka miƙa masa Lenovo ThinkPad ko Dell Latitude cikin kayanka ku rabu lafiya. Af, tunda maganar ta zo, su ma ka lura da su, Microsoft sun janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma daga Intel zubi na 8 zuwa sama yake karɓa a hukumance, kar ka tara 'yan zubi na 6 da na 7 ka ce ban faɗa maka ba.

Sai dai fa ko M1 ɗin ba irin kasuwar da ka saba ba ce. A HP da Dell ka saba ka sayi mai ƙaramin ram ka ƙara masa, ka sa SSD, farashi ya tashi ka ci ribarka a tsakani. A nan babu wannan, ram ɗin a haɗe yake da furosesa, ma'ajiyar ma a like take a kan bod, yadda ya fito daga kamfani haka zai mutu. Mai 8GB mai 8GB ne har abada. Tun Oktoban 2024 kuma Apple suka mayar da 16GB mafi ƙaranci a MacBook Air, don haka masu 8 ɗin su ne za su fara sauka, in ka samu mai 16 ko da ɗan ƙari ne shi ya fi. Sikirin kuwa in ya fashe a hannunka kuɗin sauya shi zai iya cinye ribar guda biyu ko uku, ka riƙe su kamar ƙwai.

Babban ramin da sababbin shiga suke faɗawa shi ne kulle. In mai shi na farko bai cire iCloud ɗinsa ba, wato asusunsa na Apple, ko kuma injin na wata ma'aikata ne da ta yi masa rajista a tsarinta, ranar da aka goge shi aka haɗa da intanet zai tsaya cak yana neman mai shi, kai kuma ka tashi da ƙarfe mai kyan gani. Kar ka yarda da "ai ga shi a buɗe yana aiki". A goge shi a gabanka, a haɗa da intanet, a saita shi daga farko har ya shiga, sannan kuɗi ya fita daga hannunka. Ka duba batir ma, akwai inda yake nuna zagayen caji nawa ya yi, an tsara su ne su kai wajen 1000, wanda ya doshi nan ka cire kuɗin sabon batir a cikin tayinka.

Da ni ne ma ba zan sayi huɗun ba. Biyu zan fara ɗauka, sauran jarin ya ci gaba da juyawa a kayan da na san kansu, don ribar da ke kan kaya ɗaya ba ita kaɗai ake dubawa ba, kwana nawa kuɗin ya yi kafin ya dawo shi ne magana. Ka rubuta ranar da kowanne ya shigo da ranar da ya fita, ka gwada da HP ɗin da kuɗinsa ya yi daidai da shi, bayan wata biyu littafinka zai faɗa maka ko ka ƙara ko ka tsaya. Shi kuma dilan ka ce ya ba ka kwana bakwai na gwaji a rubuce, in kuma cikin goman akwai mai inci 16 na 2019 ka ware shi ku yi ciniki daban, shi kibod ɗinsa lafiya lau ne, amma sai in kana da mai saye a hannu wanda ya ajiye kafin alƙalami.