Tambaya da Amsa: Hawan Dutse a Gefen Ruwan Tiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigida da yaranmu uku muna son zuwa Tiga ranar Asabar, mu hau ɗaya daga cikin duwatsun da ke kallon ruwan mu sha iska. Ban da Dala ba mu taɓa hawan dutse ba. Wane lokaci ya fi dacewa, me za mu riƙa? Yara kuma sun matsa sai sun yi wanka.
Daga wata uwa, Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da zai wahalar da ku rana ce, ba tsawon dutsen ba. Ku bar gida da an idar da sallar asuba, ku kama hanyar Zariya, yadda ƙarfe takwas za ta same ku a gindin dutse, sha ɗaya kuma kun sauko. Da rana ta take, dutse kan yi zafin da yaro ba zai iya dafa shi ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ku haƙura kawai. Oktoba da Nuwamba sun fi: ruwa ya cika, gari ya yi kore, hazon hunturu bai rufe ido ba tukuna.

Ruwan sha, a ƙiyasta rabin lita ga kowane babba a duk awa ɗaya ta tafiya, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo. Ki haɗa lita guda ta musamman da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi wannan. In ya fara sambatu, sai asibiti nan take.

Silifas dai a bar shi a mota, a sa kambas mai ƙasan roba. Dala tana da matakala, can kuwa babu, kuma an fi faɗuwa wajen saukowa saboda tsakuwa na zamewa, gwiwa kuma ta riga ta gaji. Ku sauko a karkace da gajeren taku, Alhaji yana gaba, yara a tsakiya. Kada kowa ya cusa hannu a kogon dutse, mafakar kububuwa da kunama ce. In tsautsayi ya gitta, ban da tsaga, ban da ɗaure ƙafa tamau, a hana mutum motsi a garzaya da shi asibiti.

Batun wanka kuwa, a'a. Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwan a kwance yake, kuma a irinsa ne dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ke zama. Ƙwayar ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Ko alwala, ku yi da ruwan da kuka zo da shi.