Amsar Baffa Kan Rediyon da Za a Kai wa Suruki

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso, wanda a cikinsa kake tambaya ko ya dace a al'ada ka kai wa surukinka akwatin rediyo a matsayin tsarabar sallah, da kuma wane iri ya kamata ka saya cikin ƙananan nan masu araha da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, tunda ka ce kuɗin hannunka ba su da yawa, kuma wutar lantarki ba ta zama a garin nasu.

Kyautar ta dace ƙwarai, kuma ba na tsammanin akwai dattijon da za a kai wa rediyo ya ji an rage masa daraja. Mutanen da suka kai shekarun surukinka sun tashi ne a zamanin da labarin duniya ke shigowa gida ta wannan akwati kaɗai. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta soma magana da Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, sannan Rediyon Faransa ya shigo a 2007. Saboda haka dattijo ya saba tsara yininsa da lokutan shirye-shirye kamar yadda yake tsara shi da lokutan salla: ya ji shirin safe bayan ya dawo daga masallaci, ya ji na rana a inuwa, ya ji na dare a ƙofar gida tare da abokan hirarsa, kuma wanda ke riƙe da rediyon a majalisa shi ake juyowa a tambaya idan an yi gardama kan abin da aka ji. Idan ka ba shi rediyo mai kyau, ka ba shi abin da zai riƙe a gaban tsararrakinsa kullum, kuma duk wanda ya tambaye shi inda ya samu, sunanka zai ambata.

Sai dai akwai hanyar da ake bi, domin tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya. Ba a miƙa irin wannan kaya hannu da hannu ana bayani a kansa. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka bar kayan a hannun matarka ta shigar da su cikin gida, ko ka ba ƙaninta ya kai masa bayan ka tashi. Ka cire duk wata takarda da ke nuna farashi, kuma kada ka faɗi nawa ka saya ko da an tambaye ka cikin raha. Idan ya ba ɗan aiken tukwici, kada ka hana, domin yaba kyauta tukwici, kuma da shi ne yake nuna ya karɓa da hannu biyu. Haka nan ba a kai rediyo babu batir a cikinsa, saboda kyautar da za ta sa dattijo ya aika kasuwa da kuɗinsa kafin ya amfana da ita ta ragu.

Game da zaɓi kuwa, abin da nake so ka riƙe shi ne, kayan da ke kasuwa iri biyu ne, ko da yake sun yi kama a ido. Akwai rediyon da aka ƙara masa Bluetooth, akwai kuma lasifikar kiɗa da aka liƙa mata rediyo don a ƙara mata kuɗi. Na farkon za ka nema. Na biyun yakan zo da fitilu masu walƙiya da murya mai kauri, amma FM kaɗai yake kamawa, wani lokaci ma ba shi da eriya sai an soka masa kebul ɗin caji, kuma da an fita daga birni sai ya yi shiru.

Ka dubi fuskar akwatin ka tabbatar akwai FM da AM ko MW, wato matsakaicin zango, da kuma SW, wato gajeren zango. FM yana tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, muryarsa garau take, amma tafiyarsa ba ta da nisa, kuma dutse ko tudu kan tare shi. Matsakaicin zango ya fi shi nisa, musamman da dare, kuma eriyarsa a cikin akwatin take, shi ya sa za ka ga dattijo yana jujjuya rediyon gaba ɗaya har sai murya ta fito. Gajeren zango kuwa shi ne wanda ke tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita, kuma ta kansa ne aka daɗe ana jin tashoshin ƙasashen waje a ƙauyen da ko sabis ɗin waya babu.

Za ka ji matasa suna cewa gajeren zango ya zama tsohon yayi, tunda gidajen FM suna ɗauko shirye-shiryen waje suna maimaitawa, kuma komai yana intanet. Akwai gaskiya a ciki, domin tashoshin da ke kansa sun ragu, har Muryar Amurka ma aka dakatar da shirye-shiryenta a watan Maris na 2025. Amma ka tuna cewa hukumomin Nijar sun dakatar da Rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a watan Disamba na 2024. Abin da ake maimaitawa ta gidan FM na cikin gari takarda ɗaya ta isa ta tsayar da shi, intanet kuma sai da data da sabis, alhali muryar da ke saukowa daga nesa ta gajeren zango ba ta bi ta hannun kowa a cikin gari ba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka ƙara ɗan kuɗi kaɗan don samun SW.

Kada yawan lambobin da aka rubuta a kwali su ruɗe ka, domin rediyon da aka ce yana da zango goma sha biyu sau da yawa gajeren zangon ne aka yanyanka gida-gida. Yankawar tana da amfani, saboda tana buɗa tazara tsakanin tashoshi yadda yatsan dattijo zai iya tsayar da allura a inda yake so. Abin dubawa shi ne ko ya haɗa mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 da 16. Da rana tashoshin nesa sun fi fitowa a kan mita 16 da 19, da dare kuma su koma wajen mita 31 da 41 da 49, don haka rediyon da ya tsaya a megahaz 12 zai bar surukinka ba shirin rana, tunda mita 16 da 19 suna sama da megahaz 12. Ka nemi wanda ya kai aƙalla megahaz 18.

Na fi son ka ɗauki mai allura da abin murɗawa a kan mai maɓallai da allo. Dattijo ya saba gane tasha da wurin da allura ta tsaya, kuma idonsa ba lallai ya ga ƙananan rubutun Turanci ba. A nan ne kuma za ka lura da wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa: da yawa cikin waɗannan akwatuna idan aka kunna su ba a kan rediyo suke tashi ba, sai wata murya ta yi sanarwa da ƙarfi cikin Turanci cewa Bluetooth ya shirya, sannan sai an danna maɓalli sau biyu ko uku kafin a koma rediyo. Mutumin da ya kunna akwatinsa da asuba mutanen gida na barci ba zai ji daɗin wannan ba. Ka zaɓi wanda ke da makunnin da ake turawa da yatsa, mai wurin FM daban, wurin SW daban, wurin Bluetooth daban, yadda inda aka bar shi jiya nan za a same shi yau.

Batun batir shi ne zai nuna ko rediyon zai shekara ko zai koma abin wasan jikoki. Wanda batirinsa ke rufe a ciki ba a iya cirewa, ranar da batirin ya mutu akwatin ya mutu. Ka nemi mai batir da ake cirewa, ko dai irin na tsofaffin wayoyin Nokia mai lamba BL-5C, ko kuma dogon nan mai lamba 18650 wanda ya fi riƙe caji, domin duka biyun ana samunsu wajen masu gyaran waya. Idan ka dace da wanda ke karɓar manyan baturan tocila bayan na caji, ka ɗauke shi ko da ya ɗan fi nauyi. Ɗan farantin solar da ake mannawa a bayan wasu kuwa kada ka dogara da shi, domin ƙanƙantarsa ba ta barinsa ya cika batir, kuma ajiye akwatin a rana yini guda yana lalata batirin da robar jikinsa.

Kada ka biya kuɗi sai an kunna maka. Cikin kasuwa irin ta Sabon Gari akwai janareta da fitilu da caja ko'ina, kuma dukkansu suna cika gajeren zango da ƙara, saboda haka ka roƙi mai shago ka fito da shi fili, ka zare eriya duka, ka murɗa a hankali ka ji ko zai kamo wani abu. Ka taɓa gindin eriyar ka ji ko tana da ƙarfi, domin nan ne suka fi karyewa. Ka saurari muryar mai magana, ka bar ta kiɗa, saboda surukinka labarai da tafsiri zai ji, kuma lasifikar da ta cika gurnani takan haɗiye kalmomi. Araha ba ta ado, amma a wannan kaya mafi arha da mafi tsada duk ka bar su, ka tsaya a tsakiya.

Shi Bluetooth amfaninsa ga dattijo kaɗan ne, amma ba zai rasa rana ba, kamar idan aka turo saƙon murya daga 'ya'yansa da ke nesa ana so kowa a gida ya ji. Nisansa bai cika wuce mita 10 ba. Ka ja kunnen yaran gidan cewa wayar da aka haɗa, duk abin da aka kunna a cikinta a lasifikar zai fito, ko da a gaban baƙi ne, kuma ba tarbiyya ba ce yaro ya karɓe akwatin da wayarsa lokacin da manya ke jiran labarai. Ramin memori ya fi Bluetooth amfani a wurinsa, don haka ka sa a zuba masa karatun Alƙur'ani da tafsirin malamin da ka san yana bi, bayan ka tambayi matarka, domin kada ka kai masa wa'azin ɓangaren da ba nasa ba ya ɗauka da wata manufa ka yi.

Kafin ka tafi ka yi masa caji ya cika, ka haɗa da batir na biyu, sannan ka nuna wa ƙanin matarka yadda ake sarrafa shi, ka gaya masa a cire caja lokacin sauraron gajeren zango domin tana kawo ƙara. Shi ne zai koya wa mahaifinsa bayan tafiyarka, tunda bai kamata ka zauna kana koya wa surukinka murɗa rediyo ba.

Ka gaishe da iyalinka, ka kuma isar mini da gaisuwa wurin surukin naka idan ka je. Wassalam.

Baffanka.